Matan da Ba Su Taɓa Zuwa Awo Ba

Shagon Inna Tela ɗan tsukukun ɗaki ne tsakanin mai kitso da mai sayar da bokitai, ƙofa ɗaya, taga ɗaya wadda ba ta sake buɗuwa ba tun ranar da aka yi mata fenti. A ciki akwai keken ɗinki, bencin masu jira, madubi mai tsaga a kusurwa, da igiyar da ake rataye ɗinkin da masu shi suka manta da shi. Shekara talatin da 'yan kai tana wurin. Duk macen da ke titin, Inna Tela ta fi mijinta sanin faɗin ƙugunta, kuma ta san waɗanda ke janye tumbi in an zagaya musu tef.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakewa a duniya, wayar hannu. Bara wani mai zaƙin baki ya kira ta ya ce ta ci kyautar injin wanki. Ta karanto masa lambobin da suka shigo mata, ta share ƙofar shago, ta zauna jiran mota har la'asar. Inji bai zo ba, kuɗin sabon keken da ta daɗe tana tarawa kuwa suka bi iska. Babban ɗanta, wanda ake ce wa Injiniya ko da yake firji yake gyarawa, kuma rabin firjin da ya taɓa sai an sake kai su wani wuri, ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. A gaban matarsa ya yanke hukunci: in aka ƙara samun matsala a asusun kuɗinta na waya, komai ƙanƙantarta, za a karɓe wayar a damƙa wa Malama.

Malama ita ce matar tasa. A firamare take koyarwa, mace mai tabarau da jakar takardu, wadda ko gaisuwarka ta amsa sai ka ji kamar ta ba ka maki. Inna Tela ba ƙin surukarta take yi ba. Amma a ce ita, da ta raini 'ya'ya biyar da ƙafarta a kan keke, in za ta sayi zare sai ta tsaya ta roƙi yarinyar da ita ta ɗinka wa rigar makaranta? Tun ranar take kaffa-kaffa da wayar kamar ƙwai.

Injiniya ya kafa mata dokoki. Kada ta faɗa wa kowa lambar sirri, ko da shi ne ya kira. Kada ta rubuta ta. Kuma duk farkon wata sai an canza. Yakan tsaya ya juya mata baya kamar mai jiran a gama sa kaya, ita kuma ta danna sabuwa. To amma kan Inna Tela, da ke ɗauke da labarin kowa tun daga kakanni, ba ya riƙe lamba huɗu daga safe zuwa azahar. Sai ta samo dabara.

Tana da littafin awo, wani kauri mai baƙin bango da ya sha maiƙo. Ba ta rubuta sunan mutane a ciki, don suna yana maimaituwa. Sai dai matar mai burodi, ƙanwar direba, mai haƙorin gwal, haka. Saboda haka duk farkon wata sai ta ƙirƙiro mace guda. Lamba biyun farko su zama ƙirji, biyun ƙarshe su zama ƙugu, sannan ta cika kafaɗa da hannu da tsawo don kada a gane, har takan rubuta irin wuyan rigar da matar ke so. Ta nemi wani gurbi a tsofaffin shafuka ta cusa ta. A ganinta ba ta karya doka ba, ai ba lamba ta rubuta ba, mutum ta rubuta. Kuma in wata ya ƙare ba ta soke tsohuwa, don a tsarinta ba a jan layi a kan mace a littafin nan sai ta rasu, hannunta kuma ba ya iya yi wa mai rai haka, ko da ta ƙarya ce. Don ta gane ta wannan watan, sai ta soke allura mai jan zare a shafin. A haka mata goma sha ɗaya suka tare a littafin, ba wadda ta taɓa taka ƙofar shago.

Ranar Talata da hantsi matar mai burodi ta faɗo a gurguje, kalmasar siket ta warware, ga shi za ta unguwa. Inna Tela ta zazzage gwangwanin allurai, babu ko ɗaya. Ta zare ta littafin da niyyar mayarwa yanzu-yanzu. Sai hira ta yi daɗi, don matar mai burodi ta zo da labarin sabuwar ma'aikaciyar da mijinta ya ɗauka, wadda ba ta san gari ba balle yis, amma ta san hanyar ofishinsa. Kafin a kai ƙarshen wannan, littafi ya zame daga kan keke ya rufe kansa a ƙasa, Inna Tela ta ɗauka ta kakkaɓe ta ajiye.

Matar na fita waya ta yi ƙara, saƙo ya shigo. Kafin ta lalubo tabarau sai ga kira.

Namiji ne, kuka yake yi. Ya ce matarsa na asibiti tana naƙuda tun jiya, likita ya ce sai an yi mata aiki. Wai hannunsa na rawa ya kuskure lamba ɗaya, kuɗin aikin suka faɗa wayarta. A bayansa ana jin hayaniya, ƙarfe na bugun ƙarfe, wata mace na ta kiran nas. Inna Tela ta sa tabarau ta bi saƙon da yatsa. Ga shi kuwa, wai kuɗi sun shigo, har da sunan kamfani a farkon rubutun.

Ta jero dokokin Injiniya a ranta tana gwada su a jikin mutumin ɗaya bayan ɗaya kamar riga, babu wadda ta shige shi. Bai ce ta ci kyauta ba, bai nemi lamba ba. Duk da haka ta gyara murya.

"Ni fa, ɗan nan, ba zan faɗa maka lambata ba."

"Kada ki faɗa min, Mama. Kada ma ki faɗa wa kowa, duniya ta lalace. Ke dai ki danna da hannunki ki mayar min, Allah ya jiƙan iyayenki."

Wannan ya kwantar mata da hankali ƙwarai. Maganarsa sak ta Injiniya, har ya fi shi ladabi. Ya karanto lambar da za ta tura wa, ta rubuta da alli a jikin bango, ta ce ya ba ta minti biyu. Ta bi matakan a hankali har inda waya ta nemi lambar sirri. Ta jawo littafi. Ta duba gefensa, babu jan zare. Ta girgiza shi, babu. Sai da ta sunkuya ta ga allurar soke a gaban rigarta, tana reto.

Ta buɗe shafin farko, ta buɗe na tsakiya, ta koma na farko. Mata sun fi ɗari biyu, duk rubutun hannu ɗaya, duk da ƙirji da ƙugu. Ta ɗauki almakashi ta ƙwanƙwasa bango sau uku, alamar da ke tsakaninta da Mai Kitso in labari ya zo.

Mai Kitso ta shigo da tsinke a hannu, ta bar wata da rabin kai a tsefe. Sai da Inna Tela ta sa ta rantse kafin ta tona mata asirin littafin. Mai Kitso ta ce ai wannan ba abin tashin hankali ba ne, babu macen unguwar nan da kanta bai ratsa cinyarta ba. A karanto mata, duk wadda ba ta sani ba, ita ce ta ƙaryar.

Aka fara. Matar mai burodi, akwai ta, yanzu ta fita. Ƙanwar direba, akwai ta, har da ƙarin bayanin da ba a tambaya ba. Da aka zo kan matar mai gyaran agogo, Inna Tela ta dakata. Tana da yaƙinin ita ta ƙirƙire ta wata rana ana ruwa tana kallon agogon bango.

"Na san ta," in ji Mai Kitso. "Wata gajera, fara, gashinta ba ya kamuwa. Ga ƙorafi."

"Anya?"

"Ke Inna, wadda aurenta ya mutu bara? Har nan ta zauna tana kuka."

Inna Tela ta dubi bencin, sai ta ji kamar ta fara tuna matar, har da wani koren mayafi. Kanta ya ƙara ɗaurewa. Ta wuce.

Ƙanwar mai tireda kuwa Mai Kitso ta ce ba ta taɓa jin ta ba, mai tireda ba shi da ƙanwa, 'yan'uwansa duk maza ne kuma duk munana. Inna Tela ta danna ƙirji da ƙugu. Waya ta ce ba daidai ba. Sai a lokacin idonta ya kai kan igiya, ga rigar ƙanwar mai tireda can a rataye wata huɗu, ashe wani mai tiredan ne na bayan tasha.

Mutumin ya sake kira. Yanzu wai an shigar da matar tasa ɗakin aiki, likita ya sa safar hannu, kuɗi kawai ake jira. Inna Tela ta ce ya yi haƙuri, ana neman wata mata ce. Ya tambaya wace mata. Ta ce ba zai gane ba.

Can suka ci karo da yayar ɗan sanda, ƙirji hamsin da biyu, ƙugu ashirin da takwas. Mai Kitso ta zana siffar a iska da hannu biyu, ta ce Allah bai halicci wannan ba, in kuwa ya halitta da ba a zauna lafiya a titin nan ba. Inna Tela ta yarda ta ƙarya ce. Amma ta wane wata? Ta danna. Ba daidai ba. Wayar ta ƙara da gargaɗi cewa saura gwaji ɗaya.

Suka yi tsuru-tsuru. Mai rabin kitso ta leƙo ta ce ita fa tana da girki, aka ce ta je ta zauna, rai ake ceto. Inna Tela ta dafe goshi. Ta tuna ranar da aka canza lambar wannan watan baƙin bironta ya ƙafe, da ja ta rubuta. Aka bi littafin kaf, aka samu mata uku da jan biro: surukar mai hoto, 'yar mai gidan haya, da wata mai tabo a haɓa. Mai Kitso ta ce duk ta san su. Inna Tela ta zaɓi mai tabo a haɓa, don ita ce ta fi kwanta mata a rai. Ta danna da bismilla.

Waya ta ce an rufe asusun.

Da mutumin ya kira karo na uku, ta gaya masa an rufe. Ya yi shiru. Hayaniyar asibitin ma ta yi shiru tare da shi, ɗif, kamar an kashe rediyo. Sannan ya ce, da wata busasshiyar murya da ba ta yi kama da ta mai kuka ba, ta zauna kusa da waya, zai sa kamfani su kira ta.

Sai yanzu ɗaya tashin hankalin ya iso mata. An rufe asusu. Wannan ko a gaban wane alƙali matsala ce. Ta hango kanta tsaye a ƙofar ɗakin Malama tana bayanin abin da za ta yi da zare kala uku, Malama na dubanta ta saman tabarau.

Ba a yi minti biyar ba wata mace ta kira, murya sumul kamar ta masu karanta labarai. Ta ce daga kamfani take, sun ga abin da ya faru, kada Mama ta damu. Ba sai ta je ofis ba, ba sai kowa ya ji ba, nan take za a buɗe. Za a turo wasu lambobi shida, ta karanto mata su kawai. Inna Tela ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka. Ba sai kowa ya ji ba, abin da take so ke nan.

Saƙo ya shigo. To ita Inna Tela ba ta iya tsallake a karatu ba. Aji huɗu ta yi, kuma yadda aka koya mata, daga farko ake farawa, da yatsa, da ƙarfi. Ta fara jan kalmomin ɗaya-ɗaya a kunnen matar: kada ka bayyana wannan lamba ga kowa, ko da ma'aikacinmu ne. Ta tsaya.

"'Yar nan, kamfani ya ce kada in faɗa."

"Wannan don mutanen waje aka rubuta, Mama. Ni ai ta ciki ce."

"Ya ce ko da ma'aikacinmu ne. Ke ba ma'aikaciyarsu ba ce?"

"Ni ce mana."

"To ke ce aka ce kada in faɗa wa."

Matar ta yi 'yar dariya ta ce Mama akwai barkwanci, amma lokaci na tafiya, lambar minti uku take yi ta mutu, ga kuma baiwar Allah can a kan gadon aiki. Mai Kitso ta dunguri kafaɗar Inna Tela tana raɗa mata ta faɗa mana, in matar nan ta mutu a wuyan wa? Inna Tela ta rasa na kamawa. Kamfani ya rubuto kada ta faɗa, kamfani ya kira ta faɗa, Injiniya ya hana, Mai Kitso ta halatta, ga mai naƙuda, ga Malama. Bakinta ya suɓuce ta ce bakwai.

"Yauwa Mama, ci gaba."

Inna Tela ta tsaya cak. Ba wai ta gano komai ba ne, kawai wannan yauwar ta taɓa shiga kunnenta, kuma ba ta ji daɗin abin da ya biyo baya ba. Ta miƙe. Ta ce wa matar ta riƙe layin, ga Dogo can tsallaken titi, lemarsa ta kamfaninsu ce, rigarsa ma haka, bari ta kai masa su yi magana kamfani da kamfani, ita ta fita a ciki. Matar ta ce babu buƙata, ta ce Mama tsaya, ta ce Mama saurara. Inna Tela ta riga ta tsallaka kwata da tef a wuya, Mai Kitso na biye, mai rabin kitso na biye da Mai Kitso.

Dogo shi ne mai rumfar tura kuɗi da cirewa, magidanci mai jinkirin magana. Kafin ya kai wayar kunne an katse. Ya saurari labarin daga baki uku a lokaci guda, sannan ya buɗe saƙon farko ya nuna mata samansa. Lambar mutum ce kamar ta kowa, sunan kamfanin da hannu aka rubuta shi a ciki. Ya nuna mata inda saƙonnin kamfani na gaskiya ke taruwa, babu wanda ya shigo na kuɗi yau. Ya ce duk wanda ya ce ya yi kuskuren turo mata, ta fara duba abin da ke asusunta da kanta, in ma gaskiya ne ya je kamfani su mayar masa, ba aikinta ba ne. Lambobi shidan nan kuwa da ta ƙarasa su, da an buɗe asusunta a wata wayar an share shi tas.

Inna Tela ta tambaya to kuɗin mutumin suna ina. Dogo ya ce babu su. Ta tambaya matar tasa fa. Ya ce ita ma babu ta. Ta ce ai da kunnenta ta ji ana kiran nas. Ya ce nas ɗin ma babu. Mai Kitso ta ce ita tun kiran farko ta ji muryar ɓarayi, kawai ba ta son shiga abin da ba nata ba.

Sannan Dogo ya kawo wadda ta fi duka. Shi ba zai iya buɗe asusu ba, sai ofishin kamfani, kuma sai da katin shaida. Katin shaidar Inna Tela kuwa yana gida, cikin jakar takardun Malama, tare da takardun haihuwar yara da rasidin wuta.

Ta rufe shago da azahar, abin da ba ta taɓa yi ba. Gidan shiru, yara na makaranta. Ta shiga ɗakin surukarta a kan yatsun ƙafa, ta jawo jakar daga saman kwaba. Zif uku gare ta, kowane zif da aljihu, kowane aljihu da ambulan. Tana durƙushe a tsakiyar takardu, da takardar rigakafin jikanta a hannu, ta ji an ajiye takalmi a bakin ƙofa.

"Inna, lafiya?"

Ta so ta ce ɓera ta biyo. Ta dubi tabaran, ta ga ba za ta ci wannan jarrabawar ba. Ta zauna daɓas a bakin gado ta zayyana labarin, tun daga allura har rumfar Dogo, tana jiran a ce bari Abban yara ya dawo. Malama ta jawo jakar. Ta buɗe zif na tsakiya ta zaro katin, ta mayar da takalmanta, ta ce su tafi ofishin kafin a tashi.

A ofishin aka ba su 'yar takarda mai lamba suka zauna a kujerun ƙarfe, sanyin na'ura na dukan ƙeyarsu. Malama ta cire tabarau tana gogewa, ta mayar, ta sake cirewa. Can ta yi ƙasa da murya.

"Inna, ya ce matarsa ce ke naƙuda?"

"Ita."

"Sai an yi mata aiki?"

"Haka ya ce."

"Ana kiran nas a bayansa?"

Inna Tela ta juyo da dukan jikinta. Wannan ba ta faɗa a gida ba. Malama ta kafa wa ƙasa ido, ta ce watan jiya ne, ranar da albashi ya shigo, tana tsakiyar aji yara na ihu. Ita ba ta manta lambarta ba. Ta danna tsaf, rabin albashi ya tafi, har mutumin ya sa mata albarka. A gida ta ce an yi musu yanka ne a wurin aiki, za a cika daga baya.

Inna Tela ta daɗe baki buɗe tana lissafi da yatsu.

"Wata guda ke nan. Har yanzu ba ta haihu ba?"

Malama ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, ba a san dariya ba ce ko kuka, har mai gadi ya leƙo. Inna Tela dai ba ta ga abin dariya ba, ta ce ko ma mene ne likitan nan ba shi da imani.

Da aka kira lambarsu, ma'aikacin ya duba kati, ya duba fuska, ya buɗe asusun, kuɗinta na nan ko ƙwandala ba ta yi ciwon kai ba. Ya karɓi lambobin da suka kira ta ya ce za a kai rahoto. Ya ce ta zaɓi sabuwar lambar sirri, ban da shekarar haihuwa, kuma kada ta rubuta ko'ina. Ta ce shekarar haihuwa ko ta so ba ta san ta ba, rubutu kuwa ta tuba. Malama ta raɗa mata ta nemi abin da ko daga barci aka tashe ta ba za ta manta ba. Inna Tela ta lumshe ido. Ta jero mata huɗu na titinsu, daga bakin kwata zuwa shagon bokitai, ta danna yawan auren da kowacce ta yi. Ma'aikacin ya ce ta maimaita, ta maimaita ba ko gargada.

Kafin magariba labari ya riga su gida, don rantsuwar Mai Kitso ba ta kai la'asar ba. Injiniya ya shigo da kala uku: wai Inna ta kama ɓarayi biyu da hannunta, wai an kwashe komai har da keke, wai wata ta haihu a shagon. Ko jakar kayan aiki bai ajiye ba ya miƙa hannu a ba shi waya. Ya juya baya, ta danna lamba, ya juyo ya duba. Kuɗi na nan. Ya sake dubawa, suna nan. Ya sosa ƙeya, ya ce to, alhamdu lillahi, amma an rufe asusu ko ba a rufe ba? An rufe. To magana magana ce. Ya miƙa wa Malama wayar.

Inna Tela ta bi wayar da ido. Ta dubi Malama, ta ɗan yi gyaran murya.

Malama ba ta karɓa ba. Ta ci gaba da zuba shayi, ta ce ɓarayi biyu suka taru a kan Inna yau ba su samu ko sisi ba, ita ba ta ga dalilin karɓe waya a hannun irin wannan ba. Akwai masu ilimi, da takardunsu da komai, da suka tura da hannunsu har ana sa musu albarka.

"Wa ke nan?"

Cokali ya tsaya a cikin kofi. Inna Tela ta bar shirun ya ɗan yi tsawo, don irin wannan ba kullum ake samu ba.

"Wata ce," ta ce. "Ba ka san ta ba."

Injiniya ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa, ya sake duban uwarsa. Shekara tara ba su taɓa haɗuwa a kan ko yawan gishirin miya ba. Ya buɗe baki zai yi tambaya, ya rasa ta inda zai kamo ta. Ya juya wayar a hannu kamar firjin da ya kwance ya ga sauran ƙusa biyu, sannan ya ajiye ta a gaban Inna, ya ce amma dai a riƙa kula, ya tafi wanke hannu.

Inna Tela ta ɗauki wayarta ta goge fuskarta da gefen zane, ta cusa a jaka ta ja zif. Ta kurɓi shayi, ta ɗan yamutsa fuska, ta ce kamar sukari bai ji ba. Kafin ta rufe baki Malama ta miƙe ta ɗauko.